Ragon Inna da alluran da muke yi a makance

Da kaka, ana tsakar cirar wake, Inna ta aika anka sawo mata wani balami a kasuwar Badagishiri, fari sol, kunnuwa har ƙasa, irin wanda in ya shigo gida sai maƙwabta sun leƙo. Niyyarta ta turke shi har layya, in ya yi kuɗi ta saida ta sayi ƙarami ta riƙe sauran canjin. To wata guda, wata biyu, rago shina ci amma kamar ana zuba ma rijiya. Harawa, dussa da kanwa, kowar wake, har ƴaƴan kaɗa ta sa na nemo mishi, amma ƙashin bayanshi sai ƙara hitowa yake, gashi ya tashi, kuma da safe sai ka ga ƙarƙashin haɓarshi ya kumbura luɓus kamar an ɗura ruwa cikin leda. Inna ta ce baki ne, tun randa anka shigo da shi wata ta ce "kai wanga rago" ba ta ce masha Allah ba.

Ni kuma da nake ganin na yi lakkol sai na tahi kasuwa wajen masu tebur. Kun san su dai, magani a jere cikin rana, na mutum da na bisa duk wuri guda. Mai teburin bai tambaye ni nauyin ragon ba, bai tambaye ni komi ba, ya ba ni ƙwayar tsutsa guda ya ce in raba biyu. Na ba shi rabi. Shiru. Na koma ya ce to allura ce za a yi, ibermektin, maganin tsutsa, ya ja mini cikin sirinji da ido kawai. Bayan sati na sake komawa ya haɗa ni da wata allura ruwan ɗorawa wai ta zazzaɓi. Jika nawa na kashe ban ma son tunawa, kuma duk cikinmu, ni da shi da Inna, ba wanda ya san abin da ke damun ragon.

Sai Allah ya kawo taubashina, ɗan kawuna da ke aikin likitan bisashe can wajen Abalak, ya zo Tawa wani taro ya biyo gaida Inna. Bai ma zauna kan tabarma ba ya nuhi turke. Ya kama kan ragon ya juya shi wajen haske, ya danna fatar ido ta sama da babban yatsa, ya ja ta ƙasa, ya ce mini zo ka gani malamin lakkol. Cikin idon fari fat kamar nono. Ya zaro wani ɗan kati daga aljihu mai hoton ido kala biyat, daga ja wur zuwa fari, ya kara a gefen idon ya ce wanga lamba 4 ne shina neman 5, jini ne babu. Ya dubi Inna ya ce "Gwaggo ba baki ba ne, ɗanki ne dai ke ta harbi cikin duhu." Ina ji ina gani ya ci mini fuska gaban uwata, taubashi ne ba yadda zan yi.

Katin ga sunanshi FAMACHA, a Afirka ta Kudu anka hito da shi, daga sunan wani likitan dabbobi Faffa Malan. Saboda tsutsa guda anka yi shi, wadda ake ce ma Haemonchus, ƴar siririya ce da ba ta wuce santimita 2 zuwa 3 ba, tana liƙewa cikin tumbi na huɗu tana shan jini. Guda dubu in sunka taru suna iya shanye kamar mililita 50 a yini, kuma macen tana zuba ƙwai dubbai kullum, suna hita cikin kashi su ƙyanƙyashe a ciyawar damina. Wato ragon da kayanshi ya zo tun daga makiyaya, mu muna ciyar da shi, shi shina ciyar da su.

Bai tsaya nan ba, ya sa leda a hannu ya ɗebo kashin ragon daga jikinshi, ba na ƙasa ba, ya ce in biyo shi. A wani ɗan ɗaki da madubin likita ya auna kashin, ya dama da ruwan gishiri mai kauri ya tace, ya ɗiga cikin wani ɗan gilashi mai layi-layi. Gishirin ne ke sa ƙwan ya taso sama. Da na kara idona, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi, ga su nan birjik kamar ƙananan ƙwan zabo, kowane da wani dunƙule a ciki. Ya ƙirga ya rubuta. Sannan munka rataye ragon cikin buhu a ma'auni, abin da ya kamata a yi tun ranar farko, ya ba shi wani magani na wani dangi daban daidai nauyinshi, ya ce bayan kwana 14 a sake kawo kashi, in maganin ya ci ya kamata ƙwan ya ragu da kashi 95 cikin 100, in bai ragu ba to ko maganin jabu ne ko tsutsar ta saba da shi.

Wannan "ta saba" ɗin ce ta hana ni barci. Ibermektin fa ba abin banza ba ne, daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da Satoshi Omura ya ɗebo a Japan anka samo shi, shi da William Campbell har kyautar Nobel sunka samu a 2015, kuma tun 1981 ake ba dabbobi shi. Amma kowane rabin ƙwaya da muke ba bisa, raunanan tsutsotsi ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, shekara kaɗan sai ka tarar garke duk jikokinsu ne. Shi ya sa masu katin ga sunka ce kar a ɗura ma garke duka, a duba ido a ba wanda ke bukata kawai.

Taubashin nawa ya ce mini wani abu kuma, wai a madubi ƙwan tsutsotsin ciki da yawa kama guda gare su, ba ka iya rantsuwa ka ce wannan na wance ne sai ka ajiye kashin sati da ƴan kwanaki ya ƙyanƙyashe. Nan ne sabbin dubaru sunka shigo, masu karanta ADN, wato rubutun halittar da ke cikin kowane mai rai, kowa da irin nashi. PCR da kowa ya ji sunanta lokacin korona ita ce babba, tana kama ɗan guntun rubutun ga ta yi ta kwafi har ya yi yawan da za a gani, amma tana son na'ura mai tsada da kuran da ba ya yankewa, ku kuwa kun san yadda muke da kuran a watan Afrilu. Sai ƴan Japan sunka hito da wata a shekara ta 2000 mai suna LAMP, ita zafi guda take so, digiri 60 zuwa 65, ko ruwan zafi aka tsare a haka ya isa, cikin awa guda ruwan da ke ƴar kwalbar ya canza kala in cutar na nan. An gwada ta kan sammore da cututtukan kaska da ita kanta tsutsar ga. Akwai kuma masu kama da abin gwajin palu da ake yi mana a likita, ɗigon jini, layi guda ko biyu, an yi irinshi na sammoren shanu. A Niyuzilan har wata na'ura gare su da ke ɗaukar hoton kashin ta tura ta intanet a ƙirgo ƙwan daga nesa, wannan kam na yi dariya, a je a nemo rezo a bayan Tasara tukuna.

Kuma ba maganar rago guda ba ce. Mu ƴan jihar Tawa ba mu manta 2016 ba, lokacin da bisashe sunka riƙa ɓari suna mutuwa wajen Cintabaradan da Tasara, mutane na zazzaɓi da zubar jini ana zaton palu ne, sai da anka kai jini har cibiyar Pasteur ta Dakar kahin a tabbatar zazzaɓin Rift ne, wanda sauro ke yaɗawa kuma ake ɗauka wajen yanka ko taɓa ɗan da anka ɓarar. Fiye da mutum 30 sunka rasu, mafi yawansu makiyaya. Daga rugga zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Dakar, ka lissafa kwanakin da kanka.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne labarin bushiya. Tsohinmu har yanzu in ana hirar shanu sai sun ambace ta, cutar da ke share garke cikin kwanaki. Rigakafinta ya daɗe da samuwa, Walter Plowright ya haɗa shi tun wajen 1960, kuma babban kamfen ɗin yi ma shanu allura mai suna JP15 a yankin tabkin Cadi ya soma a 1962, da mu a ciki. Matsalar ita ce allurar sai da sanyi, in galas ya narke a hanya ruwan banza kake tsira ma saniya. Sai wani likita ɗan Amurka, Jeffrey Mariner, da abokan aikinshi sunka gyara yadda ake busar da ita ta yadda za ta yi wata guda ba firijo, kuma a nan Nijar anka gwada ta cikin daji, an buga sakamakon a 1990. Da ita anka shiga lungunan da mota ba ta zuwa, a ƙafa, a kan raƙumi, har a 2011 anka yi shelar bushiya ta ƙare a duniya. Ni a ganina irin wanga gyaran ya fi mana na'urar da sai an ajiye ta ɗaki mai kilim. Yanzu annobar awaki da tumaki, PPR, ake son gamawa da ita nan da 2030, kuma LABOCEL, ɗakin binciken bisashe da ke Yamai, na cikin masu haɗa alluran rigakafi, saura dai mu bar ɓoye awaki a ɗaki in masu allura sun zo gari don tsoron ƙirga.

Ita ma tsutsar ragon Inna ashe tana da rigakafi, Barbervax, cibiyar Moredun ta Sikotland ta haɗa shi daga hanjin tsutsar kanta, anka fara saida shi a Ostareliya a 2014. Jinin tunkiya ke zama ma tsutsa guba in ta sha. Sai dai ana maimaita shi sau da yawa cikin damina guda, ni ban ga makiyayin da ke kan hanyar Ingal da zai tsaya wannan ba.

Kwana 14 na cika na kai kashi da kaina, cikin ledar sukari, a kabu-kabu, mai moto na ta tambayata mi ke wari. Ƙwan ya ragu sosai, sai ɗaya-ɗaya. Kumburin haɓa ya sace, ido ya koma ruwan hoda, shekaranjiya ma ya tunkuye ni a gwiwa ina zuba mishi dussa. Inna har yau ba ta janye maganar baki ba, ta ce duka biyun ne sunka haɗu. Amma jiya da la'asar na shigo na tarar da ita a zaure ta matse akuyar maƙwabciyarmu tsakanin ƙafafunta tana jan fatar ido, ta ɗago ta ce mini "kai, buga ma ɗan kawunka waya, ce mishi wagga lamba 3 ce, kuma katin nan da ya ce zai kawo mini ina nan ina jira."