Abin da Gonar Inabi ta Koya Mini Game da Feshi

Aikin malamin gona da na yi tare da masu noman inabi a yankin Kudan da Hunkuyi na jihar Kaduna ya sauya yadda nake kallon maganin feshi. Manomin inabi yakan zuba kuɗi masu yawa wajen kafa rumfa da ban ruwa da taki, saboda haka da zarar ya ga ganye ya canza launi sai hankalinsa ya tashi, ya nufi shagon magani ya ce a ba shi mai ƙarfi. Mafi yawan asarar da na gani a gonakin da aka yi feshi ta faru, sai dai an fesa abin da bai dace da cutar ba, ko kuma an fesa bayan lokaci ya ƙure.

Cututtukan fumfuna biyu ne suka fi addabar inabi, kuma mutane kan ɗauke su abu ɗaya saboda dukansu fari suke nunawa. Ta farko ta damina ce. Takan fara da ɗigo-ɗigo rawaya a saman ganye kamar an ɗiga mai, idan kuma aka juya ganyen da sassafe bayan dare mai raɓa, sai a ga farin gashi-gashi daidai ƙarƙashin kowane ɗigo. Wannan ba ta kama ganye sai yana jiƙe, kuma irinta yana kwana a cikin ganyen da ya zuba ƙasa, ruwan sama ya fantsamo da shi sama. Ta biyu ba ruwanta da ruwan sama; inuwa take so da wurin da iska ba ta ratsawa, tana bin ganye da 'ya'ya kamar an barbaɗa toka, har fatar 'ya'yan ta tsage. Farar wuta ce maganin ta biyun, amma ba ta taɓuka komai ga ta farkon, kuma idan aka fesa ta da tsakar rana zafi ya haura digiri 32, ita kanta takan ƙona ganye.

Cutar daminar nan daga Amurka ta shiga Faransa a 1878, kuma a 1885 masanin tsirrai Millardet ya bayyana haɗin da ya ceci gonakinsu, wato shuɗin sinadarin jan ƙarfe da aka gauraya da farar ƙasa, wanda har yau ake kira da sunan yankin Bordo. Abin da ya kamata manomi ya riƙe game da wannan haɗi, da mankozeb da ake sayarwa a kasuwanninmu, shi ne a kan fatar ganye suke zama su tare cuta, ba sa warkar da wadda ta riga ta shiga. Dole ne ruwan sama ya tarar da su a kan ganye, musamman ta ƙasansa, inda mai gaggawa ba ya kai bakin famfo. Akwai masu shiga jikin tsiro irin su metalaksil, amma wanda ya nace musu su kaɗai, cutar takan saba da su su daina ci.

Na kuma gane cewa rabin maganin yana hannun mai datse rassa. Idan aka yi datsar a ƙarshen damina, furen da 'ya'yan sukan fito cikin busasshiyar iskar hunturu, su tsira daga cutar farko. Rage ganye a kewayen nonon inabi don rana da iska su shiga yana karya ƙarfin ta biyun, kwashe rassa da ganyen da suka zuba a ƙone su nesa da gona kuma yana rage ta farkon.

A ɓangaren ƙwari, wanda ya fi ɓoyewa shi ne ɗan farin ƙwaron nan mai kama da auduga, da ke maƙewa a ƙarƙashin ɓawon kara. Tururuwa ce ke tona asirinsa, domin tana hawa shan darɓar da yake fitarwa tana kuma kore masa abokan gaba, don haka layin tururuwa a jikin kara ya isa a ɓare ɓawo a duba.

Ciyawa ita ce ta fi ba ni takaici, domin ɓarnar maganinta takan fi tata. Kiri-kiri da aya-aya suna da naci, suna raba ruwa da taki da kurangar, amma fartanya da shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi suna rage su ƙwarai. Inabi kuwa yana cikin tsirran da ba sa jure maganin ciyawa na 2,4-D ko kaɗan. Na ga gonar da sabon ganyenta ya tsuke ya murɗe, jijiyoyinsa suka matse wuri guda, mai ita yana ta neman maganin cuta, alhali famfon da aka yi feshin gonar masara da shi aka aro ba a wanke sosai ba. Tun daga nan nake roƙon kowane mai inabi ya ware famfonsa daban, ya kuma zauna da maƙwabcinsa mai masara ko shinkafa tun kafin shuka, su daidaita cewa ba za a yi feshin ciyawa ba ranar da iska ke kaɗawa ta nufi rumfar inabi.