Jingar garinmu da biliyoyin da ake ambatawa a taro

A daminar 2022 na yi kwana uku ban runtsa ba a kan jingar garinmu, can bakin kogin Haɗeja. Da tocila a hannu muke cika tsofaffin buhunan taki da ƙasa, muna jerawa duk inda ruwa ya fara ci. Kuɗin buhunan ma karo-karo aka yi a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i, mai ɗari biyar ya kawo, mai dubu ya kawo. A dare na huɗu ruwa ya fi ƙarfinmu. Shinkafar kawuna da ta fara fitar da kai, da gari ya waye ko ganyenta ba a gani. Ya tsaya a bakin gona, ruwa har gwiwa, ya ce mini, "Ɗana, takin nan fa bashi na ci." Bai ƙara cewa komai ba.

A shekarar ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu. A watan Nuwamba na ji a rediyo cewa taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar ya amince a kafa asusun tallafa wa ƙasashen da suka yi asara irin tamu. Wallahi na yi murna. Da aka je Dubai a 2023, abin da aka yi alƙawarin zubawa a ciki kusan dala miliyan 700 ne, alhali ɓarnar ambaliyar Pakistan ta 2022 kaɗai ta kai wajen dala biliyan 30.

Tun 2009 a taron Kofenhagen ƙasashe masu arziki suka ce za su riƙa ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, don tunkarar sauyin yanayi. An ce sai a 2022 aka cika, kuma yawancin abin da ya fito daga gwamnatoci rance ne. A Baku a 2024 aka ɗaga zuwa biliyan 300 nan da 2035. Nan ne abin ke ci mini rai. Duk Afirka hayaƙin ɗumama duniya da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba, amma mu za mu ci bashi mu gyara abin da ba mu ɓata ba. Ko shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace, mai dala miliyan 700, da ake yi a jihohin Arewa 19 da Abuja, ban raina aikinsa ba, amma rancen Bankin Duniya ne, 'ya'yanmu za su biya.

Kuma kaso mafi tsoka na kuɗin sauyin yanayi yana tafiya ne wajen rage hayaƙi, irin su manyan tashoshin sola, domin can mai zuba jari yana ganin riba. Jinga kuwa ba ta haihuwar kuɗi, rai da hatsi kawai take tsarewa.

Abin da muke buƙata ba ɓoyayye ba ne. A yashe kogi, a nome kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗeja zuwa Nguru, a ɗaga jinga da injin, a kawo irin shinkafa mai saurin nuna. Duk waɗannan aikin rani ne, watan Fabrairu da Maris, lokacin da mota za ta iya shiga fadama. Amma kuɗi ba ya zuwa sai ruwa ya gama ɓarna, a zo da tabarmi da barguna da buhun shinkafa, a ɗauki hoto a tafi. Da rabin wannan aka ba mu tun rani, a hannun kwamitin gari da kowa ya san fuskokinsu, da ba mu kwana a ajin firamare ba.

Kawu ya biya bashin takin da kuɗin tumakinsa biyu. Bana ya raba gonarsa, rabi a fadama rabi a tudu. Mu kuma tun bayan girbi muka buɗe littafin karo-karo, ni ke riƙe da shi, kuma har mun tara buhu ɗari huɗu a zauren mai unguwa.