Masu wuraren wasan yara, in za ku rage kashe kuɗi ku san inda za ku rage

Duk mai wurin wasan yara a garin nan na Kano yana cikin matsi, wannan ba sai an faɗa ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, sai ga ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024 da ya kai 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, ga gas ɗin janareta da ba a magana, ga kayan gyaran injinan nan kusan duk daga waje ake kawo su kuma da dala ake saye. Lilo da motocin karo da ɗan jirgin ƙasan nan duk wuta suke ci. To ni ban ga laifin mai wuri ba don ya zauna da manajansa sun ce a matse aljihu. Abin da yake damuna shi ne inda suke zuwa su matse ɗin, kusan kullum sai ka ga daidai wurin da zai taɓa uwa da ɗanta aka yanke.

Ku duba yadda ranar sallah take a irin wuraren nan. Magidanci ya cika adaidaita sahu da yara, kowa ya sha sabon ɗinki, 'yan matan da lalle har gwiwar hannu, wasunsu ma kuɗin barka da sallarsu ne suka tara suka damƙa wa babansu. An biya kuɗin shiga a get babu wanda ya ce musu komai, sai an shiga ciki a tarar injina da dama an lulluɓe su da tamfol wai sun lalace. Tagar sayar da tikiti guda ɗaya ce saboda an sallami sauran, layi ya miƙe cikin rana tsaka, in ka ce taransifa za ka yi a ce babu netwok. Na taɓa tsayawa kusa da wata yarinya da ba za ta wuce shekara shida ba, ta ƙanƙame tikitinta a hannu har gumi ya jiƙa shi ya fara yagewa, tana zaune kan dokin lilo tana jira, mai kula da injin kuwa ya ce ba zai tayar ba sai kujeru sun cika don an ce masa ya yi tattalin mai. Uwar tana gefe da goyo tana neman inuwar da za ta raɓe babu. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ɗan man da aka adana a wannan minti goman bai kai darajar wannan gidan da ba za su sake dawowa ba.

Kuma kada a ce wai matsalar ƙananan 'yan kasuwa ce ta Najeriya, manyan duniya ma sun taka wannan sawun. Kamfanin Disney na Amurka, wanda shi ne uba a harkar, a Satumbar 2020 lokacin korona ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000, wannan dai an fahimta don wuraren sun daɗe a rufe. Amma da aka dawo sai suka shiga ɗauke abubuwan da mutane suka saba samu kyauta. Akwai tsarin FastPass da suka fara tun 1999, ka karɓi lokaci ka je ka yi harkarka ka dawo ka hau ba tare da dogon layi ba kuma ko sisi ba ka biya, a 2021 suka soke shi suka kawo Genie+ na kuɗi, dala 15 kowane mutum a rana a Disney World da ke Florida, daga baya ma farashin ya riƙa hawa a ranakun cunkoso. Motar da take ɗauko baƙin otal ɗinsu kyauta daga filin jirgin Orlando ita ma aka tsayar da ita daga farkon 2022. Kuɗi ya shigo, ba ƙarya, amma tsofaffin kwastomomi da suke zuwa duk shekara suka yi ta ƙorafi cewa yanzu duk inda ka juya sai an ce kawo.

A Nuwambar 2022 aka cire shugaban kamfanin Bob Chapek aka dawo da Bob Iger, dalilan suna da yawa ba wannan kaɗai ba. Abin da nake so masu wurarenmu su lura da shi shi ne abin da ya biyo baya. A Janairun 2023 suka janye kuɗin fakin da ake karɓa hannun masu kwana a otal ɗinsu na Disney World. A Fabrairu Iger ya sanar za a rage kashe dala biliyan 5.5 kuma mutum 7,000 za su rasa aiki, amma aka ce ba a sa ran abin zai shafi ma'aikatan da suke tsaye gaban baƙi a filin wasa. Wata guda bayan nan shi da bakinsa ya amsa cewa ta yiwu sun ɗan zafafa wajen farashi. Wato suna tsaka da rage kashe kuɗin ne suka mayar wa mutane wani abu, yankan kuma aka kai shi can ofis inda baƙo ba ya gani.

Mu a nan abin da iyali suke nema ma ba mai tsada ba ne. Na farko a faɗi gaskiya a bakin get, allo ɗaya da alli ya isa, yau kaza da kaza ne suke aiki, kaza ya lalace, mutum ya ga dama ya shiga ya ga dama ya juya. Bakano ɗan kasuwa ne, ya san tsadar gas, in ka ƙara masa kuɗin shiga ka faɗa masa a fili zai yi mita ya biya, abin da ba ya yafewa shi ne ya ji kamar an yi masa wayo bayan ya riga ya shigo da yara ba halin fita. Shi ya sa nake ganin gara tikiti ɗaya na iyali da ya haɗa shiga da hawa uku ko huɗu, da a riƙa tsinkar mutum ɗari biyar nan dubu can har ya rasa lissafi gaban 'ya'yansa.

Sai ruwa da banɗaki da inuwa, a nan ne nake so in daɗe don su ake fara watsarwa. Ranar da aka buɗe Disneyland a California, 17 ga Yulin 1955, masu aikin famfo sun yi yajin aiki har ta kai dole a zaɓa tsakanin famfunan shan ruwa da banɗaki, aka zaɓi banɗaki, kuma duk da haka mutane suka yi ta zargin da gangan aka hana su ruwa don su sayi lemo. To ina ga Kano a watan Afrilu ko Mayu? Macen da ta zo da yara huɗu in babu banɗaki mai tsabta da ruwa a buta, awa ɗaya za ta yi ta kwashe su, in babu wurin alwala da 'yar rumfar sallah maigida da an kira la'asar zai ce ku tashi mu tafi, kuma duk wanda ya tafi da wuri ai ya tafi da kuɗin askirim da gurguru da hawa biyun da zai ƙara. Rumfar kwano a kan layi da benci, tankin ruwa da 'yar sola da za ta ja famfo, itatuwan darbejiya da in an dasa yau shekara kaɗan sun ba da inuwa, duk ba su kai kuɗin sabon inji ɗaya ba.

Batun wuta kuma akwai dabara mai sauƙi, a sa lokaci a rubuta. A ce lilo kaza yana tashi duk bayan kwata, cika ko bai cika ba, ranakun da babu mutane a buɗe daga la'asar kawai. An rage shan gas kuma babu yaron da aka bari yana zaune bai san ranar tashi ba.

Ma'aikata su ne suka fi ba ni tausayi. Yaro ɗaya ne yake karɓar tikiti, shi ne yake ɗaure wa yara bel, shi ne yake danna inji, tun safe yana rana bai ci komai ba kuma albashin watan jiya bai shigo ba, ta yaya zai yi wa kowa fara'a? Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma mai jin yunwa ba shi da fuskar shimfiɗawa. A ɗauki 'yan wucin gadi na kwanakin sallah, ɗalibai suna nan da yawa suna nema, a koya musu aikin kafin ranar, a ba su abinci da hutu. Kuma dan Allah duk abin da za a rage kada a taɓa mai gyara. Kowace safiya kafin a buɗe get wani wanda ya san aikin ya zagaya ya duba noti da bel da birki da wayoyin wuta, ya tayar da kowane inji babu kowa a kai ya saurari ƙararsa, wanda bai gamsu da shi ba a rufe shi ranar ko da kuwa ranar hawan Daushe ce, a rubuta sunansa a allon bakin get.