Babin da ya fi ƙarfin mai shi

A ƙarshen shekarar 2023 wani ɗalibina ya ajiye mini babi na biyu na kundin digirinsa a kan tebur. Ina koyar da tattalin arzikin noma a wata babbar makaranta a nan Bauchi, kuma yaron na san shi tun yana aji ɗaya. Mai ladabi ne, ba ya fashin lakca, amma Turancinsa sai a hankali. Babin kuwa sumul, ko waƙafi bai goce ba. Da na zo kan manazarta sai na ɗauki maƙaloli uku na shiga intanet neman su. Mujallun akwai su, wasu daga cikin marubutan ma na san ayyukansu, amma maƙalolin nan uku ba a taɓa rubuta su ba.

Na kira shi ofis. Bai yi mini gardama ba. Ya ce, "Malam, wallahi ban san yana ƙarya ba. Na ɗauka daga laburare yake ɗebowa." ChatGPT ne ya rubuta masa.

Wannan maganar tasa ta daɗe tana yi mini yawo a ka, domin ni ma a lokacin ban san yadda abin yake aiki ba. Sai da na zauna na karanta na gane cewa irin wannan ƙirƙirarriyar basira an ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa ne, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Saboda haka idan ka nemi manazarta, tana iya ƙera maka abin da ya yi kama da manazarta, da suna da shekara da lambar shafi, ba tare da akwai shi ba. Ga kuma lokacin da ta iso mana. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022, wata takwas cur, ChatGPT kuma ya fito a ƙarshen Nuwamba. Ɗalibai sun dawo an matse zangon karatu, kowane malami yana ba da jinga, kowa na son ya gama ya tafi bautar ƙasa. Mai jin ƙishirwa aka miƙa wa ruwa, bai tsaya duba ko tatacce ne ba.

Matakin da na fara ɗauka shi ne hani. Na ce duk wanda na kama, sifiri ne. Na riƙa zuba rubutun ɗalibai a wani shafi da ake cewa yana gane abin da na'ura ta rubuta. A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Shafin ya nuna cewa jingar wata ɗaliba aikin na'ura ce, na faɗa mata haka a gaban ƙawayenta. Washegari ta zo da littafinta, ga rubutun hannunta shafi bakwai, da gogewa da gyare-gyare, ta ce, "Malam, kwana uku na yi a kai." Na ba ta haƙuri a gaban ajin, tunda a gaban mutane na zarge ta. Daga baya na samu labarin cewa kamfanin OpenAI, wanda ya ƙera ChatGPT, da kansa ya janye nasa ma'aunin gane rubutun na'ura tun a Yuli 2023, saboda yawan kuskurensa. Masu abin ba su amince da ma'auninsu ba, ni kuwa na ɗora mutuncin 'yar mutane a kan irinsa.

Bayan wannan ne na daina kallon na'urar, na koma kallon tambayoyin da nake bayarwa. "Yi bayanin matsalolin kasuwancin amfanin gona a Nijeriya." Shekara nawa ina ba da wannan jingar? Gaskiya ita ce tun kafin a san ChatGPT, shagunan buga takardu na bakin makarantu suna da tsofaffin kundaye a kwamfuta, a sauya suna da ƙaramar hukuma a ɗaure da bango. Mun sani, mun kawar da kai. Na'urar ta zo ta sauƙaƙa abin da dama ake yi, ta kuma tona cewa tambayar da kowa zai iya amsawa daga kan gado ba ta auna komai.

Yanzu nakan ce da su su yi amfani da ita, amma su nuna mini abin da suka tambaye ta da abin da ta ce. Sannan su tafi kasuwar Muda Lawal ko ta Soro su gwada maganarta. Na'urar za ta yi maka dogon bayani a kan yadda kaya ke tashi daga gona zuwa hannun mai saye, amma ba ta san nawa dillali ke karɓa la'ada a buhun masara a wannan makon ba, ba ta san tiya nawa ke cika buhu a wannan kasuwa saɓanin waccan ba, ba ta san manomin da ya karɓi bashin taki da damina zai biya da hatsi da kaka a farashin da ba shi ya yanka ba. Waɗannan abubuwa suna bakin mutane ne, kaɗan ne aka rubuta. Duk wanda ya kawo aiki kuma sai ya zauna gabana minti goma ya kare shi da bakinsa, da Turanci ko da Hausa. Abin yana cin lokaci ƙwarai a aji mai ɗalibai sama da ɗari, nakan kwashe mako biyu ina yi.

Amfaninta ma na gani da idona. Akwai masu jin kunyar ɗaga hannu a aji, musamman waɗanda suka fito daga makarantun ƙauye. Tun da Meta AI, wani mai amsa tambayoyi irin ChatGPT, ya shigo WhatsApp a 2024, irin waɗannan sukan tambaye shi abu ɗaya sau goma da dare, ba mai yi musu dariya, su zo da safe da tambayar da ta nuna sun fahimta. Sai dai ba kowa ke da wannan damar ba. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ina da ɗaliban da wayarsu mai madannai ce, wasu kuma sai sun kai caji shago. Shi ya sa duk aikin da ke buƙatar intanet nake haɗa su rukuni-rukuni, in tabbatar kowane rukuni akwai mai babbar waya.

Shi kuwa mai babi na biyu, na sa ya sake shi daga farko. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Soro ranar kasuwa, ya zauna da dillalan hatsi da 'yan dako. Ranar da ya kare kundinsa, wani malami ya tambaye shi dalilin da ya sa manoma ke sayar da masara da arha da kaka alhali sun san za ta yi tsada da bazara. Bai duba takarda ba. Ya lissafo bashin taki, da kuɗin makarantar yara, da bukukuwan aure da ake yi bayan girbi, da tsoron ƙwari a rumbu, ya kuma faɗi abin da wani dattijo ya gaya masa a rumfar awo. Turancin nasa yana nan yadda na san shi, yana yi yana tuntuɓe, amma duk tambayar da aka jefo masa sai da ya amsa ta.