Finafinan yaƙin da suka rage a akwatina

Shekara tara na yi ina riƙe da gidan kallo a Kusiri, garin Kamaru da ke kan iyaka da Chadi. Rumfar kwano ce, da benci goma sha biyu, da talabijin ɗaya, da janareta a bayan katanga. Dala goma kuɗin shiga. Ni ne mai karɓar kuɗi, ni ne kuma tafinta: in tsaya gefen allo ina mai da Faransanci Hausa, wani lokaci in haɗa da Larabcin Shuwa saboda maƙwabta. Fim ɗin yaƙi shi ne abincin gidan. Irin na Amurka ɗin nan da mutum guda zai share bataliya, harsashinsa ba ya ƙarewa, shi yake cika mini rumfa, kuma a lokacin ni ma shi nake so.

Ranar Asabar 2 ga Fabrairun 2008 'yan tawaye suka shiga Njamena, babban birnin Chadi. Tsakaninmu da birnin ruwa ne kawai, don haka komai a kunnenmu aka yi. Ƙarar manyan bindigogi ta gaskiya ba ta yi kama da ta fim ba ko kaɗan. A ƙirji ake jin ta kafin kunne, kwanon rufi yana rawa. Mutane suka yi ta kwararowa ta gadar Ngeli, wasu ta kwalekwale, da katifa a ka da goyo a baya. Na kwashe bencina na jingine, iyalai huɗu suka kwana a rumfar kusan mako biyu.

Da ƙura ta lafa na sake buɗewa da irin fim ɗin da na saba. Wata dattijuwa daga cikin baƙin, wadda ba ta koma ba tukuna, tana zaune a bakin ƙofa. Ana fara harbi ta toshe kunnuwan jikarta da tafukanta, ta dube ni ta ce, "Ɗana, waɗannan da ake ta zubarwa, ba su da iyaye ne?" Na ce, "Inna, wasa ne." Ta ce ta sani. Ban sami abin ƙarawa ba, na rage murya, kuma daren nan ban iya fassara da daɗin rai ba.

Tun daga ranar na fara tace faifaina da tambayarta. Duk fim ɗin da ake mutuwa a cikinsa ba wanda ya waiwaya, na ajiye shi gefe.

Wanda ya fara tsallake wannan tankaɗe shi ne fim ɗin Umar Mukhtar, jagoran da ya yaƙi mamayar Italiya a Libiya, na Mustafa Akkad, inda Anthony Quinn ya fito a matsayin dattijon. Na haska shi ya fi sau talatin kafin nan, amma dawakai da tankokin Italiya nake kallo. Sai yanzu na lura da malami yake farawa, yana karantar da yara, kafin a ga bindiga a hannunsa. Na lura da mayaƙan da suke ɗaure ƙafafunsu da igiya don kada su gudu, da wayar ƙaya da Graziani, janar ɗin Italiya, ya shimfiɗa a iyakar Masar, da matan da aka tsare a sansani. Akwai wurin da Umar Mukhtar ya hana mutanensa kashe fursuna. A nan nake dakatar da faifan in bar jama'a su yi gardama, kuma kullum sai an yi. An rataye shi ranar 16 ga Satumban 1931 a Suluk, a gaban mutanensa. A fim ɗin tabaraunsa ya faɗi, wani ƙaramin yaro ya ɗauka. In na gaya wa masu kallo cewa wannan malamin ya taɓa zama a arewacin Chadi, a zawiyar Sanusiyya, lokacin da Faransa ke kutsowa, sai ka ga dattawa sun gyara zama.

Na biyu shi ne Camp de Thiaroye na Usman Sembene da Thierno Faty Sow, na 1988. Sojojin Afirka ne da suka yi wa Faransa yaƙin duniya na biyu, aka dawo da su sansani kusa da Dakar, suka nemi haƙƙinsu na kuɗi, aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamban 1944. Yawancin fim ɗin magana ce a kan abinci da kaki da canjin kuɗi. Akwai soja ɗaya da tsarewar Jamusawa ta ɗauke masa magana. Shi ya hau hasumiya ya hango tankoki suna tahowa cikin dare, ya yi ta nuni, aka ɗauka haukarsa ce. Ranar da na fara haska shi, wani tsoho mai sayar da goro ya zauna har aka watse. Ya ce, "Malam, mahaifina yana cikin waɗanda suka bi kwamandan Faransa Leclerc daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu, zuwa Kufra ta Libiya a 1941. Bai taɓa ba mu labarin harbi ba. Labarin ƙishirwa da takalmi kawai yake bayarwa." Na gane ashe masu fim ɗin sun saurari tsofaffin sojoji da kyau.

Na ukun namu ne na gida, na ɗan Chadi Mahamat-Saleh Haroun, Un homme qui crie, wanda ya sami kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2010. Adam tsohon gwanin ninƙaya ne mai kula da tafkin wani otal a Njamena. Aka ba ɗansa Abdel aikinsa, mai unguwa kuma yana matsa masa ya ba da gudummawar yaƙi, ba shi da kuɗi, ya ba da ɗan. Fagen daga kusan ba a nuna shi ba. A rediyo ake jin yaƙin, da ƙarar jirage a sama, da cin abincin dare babu mai cewa uffan, kamar yadda ya zo mana. Samari da yawa sun fita tun ba a kai rabi ba, wasu suka ce in mayar musu da kuɗinsu, na mayar. Ciniki ya ragu a shekarun nan, ba zan ɓoye ba, har sai da na ware daren Alhamis kaɗai don irin waɗannan, sauran kwanaki ƙwallo.

A wannan fim na koyi rufe bakina. Da can nakan cike kowane shiru da surutu, don tafinta yana jin in ya yi shiru bai ci kuɗinsa ba. Da Adam ya ɗauko ɗansa a babur mai kujerar gefe daga Abeche, a gabashin Chadi, yaron ya cika a hanya, uban ya kai shi bakin kogi, babu abin da zan fassara. Na koyi kuma faɗa wa jama'a tun a ƙofa cewa akwai harbi a ciki, saboda ban san abin da mai shigowa ya baro a hayin ruwa ba. Yara ƙanana na daina karɓar kuɗinsu a daren Alhamis.

Na rufe rumfar da wayoyin hannu suka ƙwace kasuwa. Faifai ukun suna cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona. Na Umar Mukhtar ya karce, yana tsayawa daidai wurin shari'a, sai an goge shi da gefen riga kafin ya ci gaba.