Zama goma a cikin mota, waya a hannu

Shekara tara ke nan ina fama da ciwon suga. Da ƙwayar metformin na fara, daga baya aka ƙara mini allurar insulin safe da dare. Duk wanda ke da wannan ciwo ya san akwai wani ɗaki a ransa da yake jefa kowace irin kasala: in ka gaji, suga ne, in barci ya ƙi zuwa, suga ne, in ka yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili, shi ne dai. A wannan ɗaki na ɓoye ciwon damuwa kusan shekara guda ban san shi na ɓoye ba.

Abin ya tsananta ne bayan azumin da likita ya hana ni yi. Sugana ya taɓa faɗuwa ƙasa da 70 ina tsakiyar aji, ina koyar da lissafi, gumi ya rufe ni, hannu na rawa, sai da wani ɗalibi ya ruga ya sayo lemo. Daga nan likita ya ce kada in kuskura in ɗauki azumi. Wata guda ina cin abincin rana a ɓoye kamar ɓarawo, gida kowa da ƙishirwa. Bayan Sallah na daina auna suga. Allurar ma sai in tsallake. Na bar zuwa majalisa, na bar sallar Asuba a masallaci. Da aka yi mini gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku, wanda ake so ya tsaya wajen 7, nawa ya haura 10.

Babbar 'yata ce ta fara furta sunan abin. Ta ce, "Baba, wannan fa ba suga ba ne kaɗai." Na ce to me take so in yi, in tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau? A Kano in ka ambaci wannan suna ka san abin da ke zuwa zukatan mutane, ko da kuwa rashin barci ne ya kai ka. Ban ga laifin kowa ba. Har zuwa Janairun 2023 da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, da dokar 1958 ƙasar nan take aiki, wadda sunanta ma dokar mahaukata. 'Yar tawa ta ce ba inda zan je. Ta nemo wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai ganin mutane ta waya, ta biya kuɗin zama na farko daga albashinta don kada in sami hanyar zillewa.

Matsalar farko wurin zama. Gidanmu mutum goma sha ɗaya ne, bango kuma ba ya riƙe magana. Sai na koma cikin tsohuwar motata a ƙofar gida, duk Laraba bayan La'asar, gilashi a rufe, ina gumi. Maƙwabta sun ɗauka karatu nake saurara. Sau biyu muka gwada bidiyo, hoto ya riƙa daskarewa, data na ƙonewa, muka koma murya kawai ta WhatsApp. Hakan ya fi mini. Akwai maganar da ba zan iya faɗa wa mace sa'ar 'yata ido da ido ba, amma na faɗe ta ina kallon sitiyari.

A zaman farko ta karɓi adireshina da lambar uwargida, ta ce in wata rana na ji ina son cutar da kaina, waya ba ta isa ba, asibiti mafi kusa za a kai ni. Sannan ta yi mini tambayoyi tara game da mako biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, jin daɗin abubuwa, ganin kai ba a bakin komai ba. Kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimla 27, daga 10 zuwa sama ake cewa akwai matsala. Na ci 17. Ni da nake ba yara maki, ban taɓa jin kunyar maki mai yawa ba sai ranar. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa ce. Na yi shiru har ta ce, "Malam, kana jina?" Na ce layi ne ya yanke. Ba layi ba ne. Sai a zama na uku na ba ta amsar gaskiya, cewa nakan ji da na huta kowa ya huta da kuɗin magani.

Ta gaya mini masu ciwon suga sun ninka sauran mutane kusan sau biyu wajen kamuwa da ciwon damuwa, kuma cututtukan biyu juna suke ciyarwa: damuwa ta hana ka kula da magani, suga ya hau, jiki ya mutu, ka ƙara ganin kanka ba ka da amfani. Hanyar da take bi likitoci na taƙaita sunanta da CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wadda wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960. Ni na zaci hira za mu riƙa yi, tana lallashina. Ashe aikin gida ne.

Aiki na farko har haushi ya ba ni don ƙanƙantarsa: in taka daga gida zuwa masallaci da Asuba sau uku a mako, in auna suga sau ɗaya a rana, in rubuta a littafi yadda na ji kafin da bayan. Na ce mata in na ji ƙarfi zan yi. Ta ce ƙarfin a bayan tafiyar yake, ba a gabanta ba. Makon farko sau ɗaya na je. Ba ta yi faɗa ba, ta tambayi abin da ya hana sauran biyun, muka gano ina kwana da waya har ƙarfe ɗaya ina karanta labarin waɗanda aka yanke wa ƙafa.

Wanda ya fi wuya shi ne rubuta tunani. In raina ya ɓaci, in rubuta jimlar da ta zo mini a lokacin, sannan in kawo hujjar da ke goyon bayanta da wadda ke rushe ta. Jimlar da ta fi maimaituwa a littafina ita ce: na zama rabin Musulmi. Ba ta yi mini wa'azi ba, ta ce ba fanninta ba ne, in kai wa malamina tambayar. Na kai. Ya karanta mini ayoyin azumi na Suratul Baƙara, ya ce mai ciwon da ba a sa ran warkewarsa ciyarwa ce a kansa, kuma rangwamen da Allah Ya yi ba a karɓarsa da sunkuyar da kai. Duk na san wannan tun ina makarantar dare. Amma sai da na rubuta shi da hannuna a gefen waccan jimla na ga yadda na shekara ina yi wa kaina hukuncin da shari'a ba ta yi mini ba.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu wayata ta mutu, zama ya wuce. Kuɗin ma ba wasa ba, ga insulin da farashinsa bai san sauka ba. Kuma ita ba ta rubuta magani. Da barcin ya ƙi daidaita, wasiƙa ta ba ni in kai wa likitan sugana, shi ya duba. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, na ga amfanin su biyun su san da juna ko ta hannuna ne.

A zama na goma muka sake tambayoyin tara, na ci 6. Gwajin wata uku ya sauko zuwa 8 da 'yan kai, bai kai inda ake so ba tukuna. Har yanzu akwai safiyar da nake jin kiran sallah in kasa ɗaga kai daga matashi, sai in jawo littafin. Azumin da ya wuce na auna shinkafa da gero na kai gidan wata gwauruwa a unguwarmu, abincin rana kuma a tsakar gida na ci shi, ƙaramin jikana yana zaune kusa da ni yana ƙirga mini lomomi.