Ɗiyan dabo a ƙarƙashin babbar riga

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san wasan kara, inda ake kwaikwayon sarki da gwamna da manyan soja, a ƙera bindiga da tabarau da karan dawa. Amma tambayi ɗan lakwal na yau ko ya san ɗiyan dabo, 'yan tsanan nan da ake sa wa murya a yi wasa da su, sai ya zuba maka ido. Shi ya sa da bakance ya zo na tattara wasu ɗalibaina, da uwaye mata biyu, da wata kaka da ta ce ba za a bar ta a gida ba, muka riƙa zuwa zauren wani dattijo a cikin Birni bayan la'asar. Baduku ne, amma da ƙuruciyarsa ya yi yawon dabo ƙauye-ƙauye.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Babbar riga ce ake tokarewa da sanduna ta zama 'yar rumfa, mai dabo ya shige ciki, ɗiyan su riƙa leƙowa ta wuyan rigar. Kan ɗan dabo na itace ne ko ƙaramin duma, jikinsa tsumma. Yara sun gama nasu nan da nan, har da mai rawani da mai kallabi. Zafin da ke cikin rigar kuwa, sai wanda ya shiga.

Inda gizo ke saƙar shi ne murya. Baba ya kwance wani ƙullin tsumma ya fito da 'yan ɓallaye biyu na ɓawon ƙwan jimina, kowane bai wuce farcen babban yatsa ba, an haɗa su baki da baki an naɗe da zare. Ya ɗora a harshe, ya manna a ganɗa, ya yi sallama. Wata siririyar murya mai tsiwa ta fito, ƙananan yara suka watse suka bar takalmansu. Na ce, "Baba, ai ba a gane abin da yake faɗi." Ya ce, "Malam, da ana ganewa, me na waje zai ci?"

Na waje shi ne mutumin da ke tsaye gefen riga, yana tambayar ɗan dabo, yana maimaita wa jama'a amsarsa, wani lokaci ya yi masa gardama ko ya tsawata masa. A ganina rabin wasan a hannunsa yake. Shi ke ganin fuskokin mutane, ya san inda dariya ta kama a ja ta, da inda aka fara hamma a wuce. Cikinmu wata yarinya 'yar aji biyar, wadda a lakwal sai an yi da gaske take buɗe baki, ita ta fi kowa iya wannan aiki. Tana riƙe ƙugu ta ce, "Me ka ce? Sake faɗi, Hajiya ba ta ji ba!"

Wata ƙa'idar da Baba ya kafe a kai: ɗan dabon da ke magana shi kaɗai ke motsi, ɗayan ya tsaya cik yana dubansa. Yara suna son kaɗa hannu biyu lokaci guda, sai wasan ya rikice, ba a san mai zance ba.

Labarin da za a sa a bakinsu kuma, nan kaka ta karɓe ragama. Da fari ta ƙi, wai mai tatsuniya da rana ɓata yake a kasuwa. Da jikokinta suka matsa, ta ce ai ɗan dabo ne zai ɓata ba ita ba, ta buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku." Ita ta koya mana tsamin bakin Gizo da yadda Ƙoƙi ke ja masa tsaki. Sai dai tatsuniyar dare doguwa ce, tana zuwa gari bakwai ta dawo, riga kuwa ba ta ɗaukar fiye da ɗiyan dabo biyu a lokaci guda. Dole muka datse, muka bar rigima ɗaya da waƙa ɗaya da kowa zai amsa. Ƙananan yara faɗuwar Gizo ke ba su dariya. Manya ba su motsa ba sai da aka fito da ɗan kasuwa mai tauye tiya, yana rantsuwa yana danna gindin kwano. Abin da mutum ba ya iya faɗa wa maƙwabcinsa ido da ido, tsumma ya faɗe shi, kowa ya yi shewa.

Wani uba ya janye ɗansa, ya ce abin ya yi kama da gunki. Ban ja da shi ba. Wasu iyayen sun ce ba su ga bambancinsa da 'yar tsana ba, suka bar nasu.

Na ba yaran labarin garin Markala na ƙasar Mali, inda Bambara da masunta Bozo ke fito da manyan dabbobin itace da tufa a bakin kogin Kwara, wasan da UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014, da kwagh-hir na Tibi a Binuwai da ya shiga a 2019. Waɗancan sai gari ya taru da makaɗa da masassaƙa. Namu mutum biyu da riga ɗaya sun isa, kuma duk da haka shi ne ke neman ɓacewa.

Ɓawon ƙwan jimina ya yi wuya yanzu, kuma Baba ya hana a ba ƙananan yara abin muryar don kada su haɗiye, sai dai su toshe hanci su yi magana. Mun shirya ci gaba da zuwa har azumi, mu fitar da wasan tare da 'yan tashe. Ban da ranar Alhamis, don ranar Baba yana kasuwar Dole da fatunsa.